Darasin Falsafa na Ranar Alhamis

Ranar da aka liƙa jadawalin zango na biyu, muna aji uku na karatun likita a nan Damagaram, idon kowa ya sauka kan layi ɗaya: Alhamis, ƙarfe uku zuwa biyar na yamma, falsafa da ɗa'ar aikin likita, kuma an ƙara a ƙasa cewa ta hanyar tattaunawa za a yi shi. Wani ɗan ajinmu ya ce da ƙarfi, “Ashe ba mu rabu da filo ba tun da muka ci bak?” Aka yi dariya. Ni kam raina ɓaci ya yi. Da safe muna asibiti wajen koyon aiki, ga ilimin magunguna ya taru mini, ga zafin bazara ya fara, sannan a ce yammacin Alhamis ɗin da nake wanki in ɗan huta za a karɓe shi don surutu.

Filo ɗin da na sani a lise, wato falsafar da muka yi a babbar sakandare kafin jarrabawar bak, hadda ce. Ka haddace abin da wane ya ce, ka kawo ra'ayi, ka kawo kishiyarsa, ka sulhunta su, ka karɓi makinka. Na ɗauka shi za a sake ɗumama mana.

An raba mu rukuni-rukuni, namu mu goma sha shida. Malamai biyu ne suka shigo tare: wani malamin falsafa, dattijo mai magana a hankali, da wata likitar mata da ta yi shekaru tana aiki a asibitin karkara kafin ta dawo gari. Abu na farko da suka sa mu yi shi ne jan bencina mu yi da'ira, su ma suka zauna a cikinmu. Malam ya kafa dokoki uku. Ba za a yi mana shifta ba. Ba a katse mai magana. Ta uku ita ce ta fi ba mu wuya: kafin ka mayar wa mutum martani, sai ka maimaita abin da ya faɗa da bakinka, har shi ya ce e, abin da nake nufi ke nan. In ya ce ba haka ba ne, ka sake. Ya gaya mana cewa Sokratis, mutumin Atina da aka yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, ɗan ungozoma ne, kuma yakan kwatanta koyarwarsa da aikin uwarsa: cikin ba nasa ba ne, nasa shi ne taimakon haihuwa. Dokta ta yi murmushi ta ce to yau ungozoma biyu gare ku.

Tambayar farko gajeriya ce: mene ne lafiya? Muka yi tsit. Wutar lantarki ta ɗauke, fanka ta tsaya, ba ka jin komai sai ƙarar kabu-kabu daga bakin hanya. Can wani ya karanto ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a kundinta na 1946, cewa lafiya cikakkiyar walwala ce ta jiki da hankali da zamantakewa, ba rashin cuta kawai ba. Ya karanto ta da Faransanci ba tuntuɓe. Malam ya ce madalla, to bisa wannan ma'ana wa ke da lafiya a ɗakin nan? Wa ya kwana ba tunanin kuɗin haya, wa famfon unguwarsu ya kawo ruwa a makon nan? Ba wanda ya ɗaga hannu. Ya ce ashe duk majinyata ne mu, to wa zai duba wa?

Sai wata ƴar rukuninmu, wadda ba ta cika magana ba, ta ce ita tana da sikila. Ta ce a takardar gwaji ba ta taɓa yin lafiya ba tun ranar da aka haife ta, amma ta san ranar da take lafiya da ranar da ba ta lafiya fiye da kowace takarda. Ranar da ta iya hawa bene zuwa aji ba ta tsaya hutu ba, ranar lafiya ce. Shekara uku muna tare, yawancinmu ba mu sani ba. Malam ya bar shirun ya ɗan zauna, sannan ya ambaci Georges Canguilhem, Bafaranshe da ya haɗa likitanci da falsafa, wanda tun 1943 ya yi jayayya cewa ba alƙaluman gwaji kaɗai ke raba lafiya da cuta ba, sai an duba yadda mutum ke iya tafiyar da rayuwarsa. Ya ce ƴar'uwarku ta riga shi faɗa muku. Dokta ta ƙara da abin da har yau nake tunawa kullum na shiga ɗakin majinyata. Ta ce Bahaushe ko yana bakin mutuwa, ka ce masa ya jiki, zai ce da sauƙi. Amsar ta nuna maka tarbiyyarsa da imaninsa, amma ba ta gaya maka komai game da ciwon ba, don haka kada ka rubuta ta a takarda ka wuce.

Daga nan tsarin ya zauna. Kowace Alhamis a ba mu shafi ɗaya ko biyu mu karanta kafin ta gaba, tare da labarin wani majinyaci da Dokta ta cire sunansa da garinsa. A zaɓi mai jagoranci, da mai rubuta abin da aka tattauna, da wani da aikinsa shi ne ya kare ra'ayin da kowa ya guda, ko da bai yarda da shi ba. Makonnin farko ba su yi daɗi ba. Samari huɗu masu ƙarfin Faransanci suka mamaye fili, sauranmu muna kallo. Rabin rukunin ba sa karanta takardar. Ni kaina sau biyu na zo da littafin magunguna na ɓoye a cinya.

A mako na huɗu aka yi karon da kowa ke jira. Akwai wani a cikinmu da ya yi karatun zaure mai zurfi a unguwar Birni kafin ya shiga boko sosai, mutum ne mai natsuwa da muke girmamawa. Ya ce shi dai zuciyarsa ba ta kwanta da darasin ba, domin falsafa hanya ce ta shakka, kuma Imamu Gazali ya riga ya rushe ta tun tuni. Na zaci Malam zai yi gardama. Bai yi ba. Ya ce masa, “Malam, ka fi mu sanin wannan fage. Mako mai zuwa kai za ka koya mana abin da Gazali ya ƙi da abin da ya karɓa.” Ya dawo da shiri na gaske. Ya bayyana cewa ra'ayoyi uku na masu falsafa ne Gazali ya tsananta wajen ƙin su: cewa duniya ba ta da farko, cewa ilimin Allah bai shafi ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jikkuna ranar ƙiyama. Ilimin manɗiƙi kuwa, wato ƙa'idojin kafa hujja, ya karɓe shi ya yi aiki da shi, kuma ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya. Ya kawo Ibnu Rushdi, alƙalin Kurɗuba da ya rasu a 1198, wanda ya mayar wa Gazali martani kuma shi ma likita ne, da Ibnu Sina da ya rasu a 1037, wanda jami'o'in Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna koyar da littafinsa na likitanci. Bai ce ya sauya ra'ayi ba. Ya ce har yanzu akwai wuraren da ba zai bi masu falsafa ba. Amma daga ranar bai sake fashi ba, kuma shi ya riƙa kawo mana ƙa'idojin fiƙihu kamar “ba cuta ba cutarwa” da “larura tana halatta abin da aka hana” duk lokacin da muka maƙale.

Mako na shida aka ba mu labarin Kano na 1996. Lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a kan yara kimanin 200, rabi aka ba su shi, rabi aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. Shari'a ta ja har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75. Da Turai ko Amurka aka ce abin ya faru, da mun tattauna shi kamar darasi. Amma Kano ce, kuma da wuya ka sami gida a Damagaram da ba shi da ɗan'uwa a can, sanƙarau kuwa mun san shi, duk rani muna zaman ɗar-ɗar da shi. Mun riga mun karanta cewa ƙa'idar Nuremberg ta 1947 ta buɗe da wajabcin yardar mutum kafin a yi gwaji a kansa, sanarwar Helsinki ta 1964 ta biyo baya. Wata ta yi tambayar da ta tsayar da mu: uwa tana riƙe da ɗanta wuyansa ya sanƙare, mai farar riga ya miƙo hannu, wace uwa ce za ta ce dakata in ji bayani? Ko an tambaye ta ta ce to, wannan to ɗin yarda ce?

A nan ne Faransanci ya gaza mana. Muna ta juya kalmomin da ke cikin littafi, ginshiƙai huɗun nan da wasu Amurkawa biyu, Beauchamp da Childress, suka tsara a 1979: mutunta zaɓin majinyaci, yi masa alheri, kauce wa cutar da shi, da adalci. Dokta ta ce ku tsaya. A gaban gado da wane harshe za ku yi magana? Ku faɗi na farkon da Hausa in ji. Wani ya ce cin gashin kai, aka ce wannan na ƙasa ne ko jiha. Wani ya ce ƴanci, aka ce in ka ce wa tsohuwa tana da ƴanci za ta ɗauka siyasa kake. Daga ƙarshe wata matar aure a cikinmu ta ce, “Mai jiki shi ke da ta cewa.” Kowa ya gyaɗa kai, sai wani ɗan Tanut ya ce ba a garinsu ba. Ya ce a wurinsu mutum ba ya ciwo shi kaɗai, wanda ya sayar da akuya ya biya kuɗin mota da magani, da babban wa, da miji, duk suna da baki, kuma majinyacin da kansa zai ji an wulaƙanta shi in aka ware shi aka ce ya yanke shawara shi ɗaya. Matar auren ta maimaita maganarsa tsaf kamar yadda doka ta ce, ya amsa e haka nake nufi, sannan ta ce ta yarda da rabinta. Ta ce ta ga mace tana naƙuda, jini na zuba, ana jiran a sami mijinta a waya yana ci-rani, ita kuma tana kwance da hankalinta ba wanda ya dube ta ya tambaye ta. Biyar ta wuce, aka kira sallar la'asar tun tuni, muka tashi ba mu daidaita ba. A hanyar masallaci ma gardamar ake.

Tun daga ranar aka bar mu mu riƙa haɗa harsunan biyu, kuma bakin mutane da yawa ya buɗe, har nawa.

A mako na ƙarshe aka raba mana farar takarda, ba suna, aka ce kowa ya rubuta ra'ayinsa a kan darasin. Ni da wani aka ɗora wa tattara na rukuninmu mu karanto a gaban malamai, don haka na ga duka. Ba wanda ya ce a soke shi, amma yabon bai zo shi kaɗai ba. Ƙorafin da ya fi yawa na lokaci ne: yammacin Alhamis cikin zafi, bayan an wuni tsaye a asibiti. Na biyu na maki ne. Mun saba da jarrabawar da amsa ɗaya ce daidai, sai ga darasin da ake auna ka da yadda ka kafa hujja da yadda ka saurari wani. Wasu suka ga wannan ƙofar son kai ce, mai baki zai ci, mai kunya ya faɗi. Wata ta rubuta cewa an tarbiyyantar da ita kada ta ja da namiji ko babba a bainar jama'a, sai ga shi rana ɗaya ana auna ta da abin da aka hana ta shekara ashirin. Ta nemi a riƙa karɓar ra'ayi a rubuce ma. Biyu daga cikin ƴan Yamai da Hausarsu ba ta nuna ba suka ce da aka koma Hausa su ne suka zama ƴan kallo, kuma gaskiya suka faɗa, ba mu lura da su ba. Wani ya rubuta cewa yana fita ajin da tambayoyi fiye da waɗanda ya shigo da su, kuma likita a ɗakin gaggawa amsa yake bukata. Ya nemi malamai su riƙa rufe kowane zama da faɗin abin da doka da ƙa'idar aiki suka tanada, kada a bar mu a sarari. Ina ganin yana da hujja. Akwai ranakun da Malam ya bar mu muka yi ta yawo, alhali jimla biyu daga Dokta za su nuna mana inda iyaka take. Kusan kowa kuma ya yarda da abu ɗaya: da a aji ɗaya aka kawo darasin, kafin mu taɓa majinyaci, da ya zama filo ɗin lise. Abin da ya ba shi rai shi ne da safe mun ga abin da ido, da yamma mu zauna a kansa.

Ni abin da na rubuta a takardata labari ne, na abin da ya same ni a mako na tara.

An kwantar da wani dattijo daga wani ƙauye na wajen Mirya, manomi, mai ciwon suga da ya daɗe ba a gano ba. Ƙaya ce ta soke shi a gona, gyambon ya ci, har ƙafar ta yi baƙi zuwa sama da idon sawu, warinta ya cika ɗakin. Likitan da ke duba shi ba ya jin Hausa sosai, ya ce in fassara. Ya yi bayani da Faransanci a fili, cewa za a yanke ƙafar ƙasa da gwiwa, in ba haka ba gubar za ta shiga jini. Na dubi dattijon, sa'an kakana, yana riƙe da casbi, ɗansa na tsaye a kansa. Kalmar ta ƙi fita daga bakina. Na ce, “Baba, likita ya ce ƙafar ta lalace ƙwarai, gobe za a shiga da kai a yi maka aiki.” Ya ce, “To, ɗiyata. Yadda kuka gani. Allah ya yi muku albarka.” Aka kawo takarda ya dangwala yatsa. Likita ya tambaye ni ya yarda? Na ce ya yarda.

Na koma gida na kasa cin abinci. Abin da ya riƙa dawo mini shi ne dokar nan ta uku, wadda muka yi ta ƙorafi a kanta: ba ka san an fahimce ka ba sai an maimaita maka. Bayan sallar isha'i na hau kabu-kabu na koma. Na tarar ɗan yana yi masa fifita. Na durƙusa a gefen gado na gaishe shi, na ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Na ce, “Baba, don Allah gaya mini da bakinka, me za a yi maka gobe?” Ya ce, “Za a kankare ruɓaɓɓen, a wanke, a ɗinke. Ko ba haka ba?” Ya ƙara da cewa yana so ya warke kafin ruwa ya sauka, don bai gama sharar gona ba.

Na je na sami likitan da ke kwana, na gaya masa laifin fassarata ne. Bai yi mini faɗa ba, ya taso muka koma tare. Wannan karon na faɗa. Na ce, “Baba, ka gafarce ni, ɗazu ban gaya maka duka ba. Ƙafar ta mutu daga nan zuwa ƙasa. Cire ta za a yi.” Na aza hannuna a ƙaurinsa daidai inda za a yanke. Ya daɗe yana kallon wurin. Ɗan ya juya baya yana share ido da hannun riga. Dattijon ya ce in ba a cire ba fa? Likita ya faɗa, na fassara ba ragi: gubar za ta hau, kuma ana tsoron ransa. Ya ce to ba gobe ba. Yana da wa a ƙauye, ba a taɓa yanke wata babbar magana a gidansu ba tare da shi ba, a kira shi. Likita ya bayyana masa haɗarin jira, ya ce ya ji, kwana ɗaya dai. Aka ci gaba da ba shi magani ta jijiya, aka ɗage aikin. Daren nan ban yi barci ba, ina tsoron kada jinkirin da na jawo ya zama ajalinsa.

Wan ya iso washegari da azahar a motar kasuwa, tsoho tukuf da sanda. Suka yi magana ƙasa-ƙasa kusan awa guda. Sannan dattijon ya sa aka kira ni. Ya ce ya yarda, amma da sharaɗi biyu. A ba ɗansa ƙafar ya kai maƙabarta a binne ta yadda ya kamata, kada a jefar. Kuma a gaya masa gaskiya ko mai ƙafa ɗaya yana iya noma. Na ce na farko zan isar, na biyu ban sani ba, amma zan tambayo masa masu haɗa ƙafar roba. Aka kawo sabuwar takarda. Kafin ya dangwala, ba tare da na tambaye shi ba, ya dubi wansa ya ce, “Yaya, ka shaida, ƙafata ta hagu za su cire, daga nan.” Ya nuna wurin da yatsa.

An yi aikin da safe. Ɗan ya sayo farin ƙyalle a Kasuwar Dole, aka naɗe masa ita, ya tafi da ita shi da wani maƙwabcinsu. Bayan kwana goma sha biyu aka sallami Baba, ruwan farko bai riga ya sauka ba. Na rako su har bakin ƙofa inda amalanke ke jira ya kai su tasha, na ba ɗan takardar ranar dawowa wanki, na sa shi ya maimaita mini yadda za a riƙa ba da maganin suga safe da yamma.